Bayahude da Bafalasɗine: Wa Tarihi Ya Ba Ƙasar?

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara sani. Gardama ce ta sarƙe tsakanin abokaina biyu. Ɗaya ya ce Yahudawa ne 'yan asalin ƙasar tun shekara dubu uku, Larabawa zuwa suka yi daga baya, kuma ba a taɓa yin wata ƙasa mai suna Falasɗinu ba. Ɗayan ya ce Yahudawan yau Turawa ne da suka ari addini, babu abin da ya haɗa su da Bani Isra'ila. A tarihance wa ke da gaskiya?

Amsa: Amin, ɗan'uwa, tare da kai. Kowanne cikin abokan naka ya damƙo wani yanki na gaskiya, sai ya ɗaura masa abin da ba haka ba don ya kai ga hukuncin da zuciyarsa ta riga ta yanke. Alaƙar Yahudawa da wannan ƙasa tsohuwa ce kuma tabbatacciya. Zaman Falasɗinawa a cikinta shi ma tsoho ne, bai taɓa yankewa ba, kuma su aka tarar a gonaki da garuruwa lokacin da aka soma shirin kafa Isra'ila. Matsayina shi ne, tsufan alaƙa yana ba mutum damar ya ce nan ma gidana ne, amma ba ya ba shi damar fitar da wanda ya tarar a ciki.

Bari in fara da abokinka na biyu, don maganarsa ta fi yawo a tsakaninmu.

A gidan tarihi na Alƙahira akwai allon dutse na Fir'auna Merneptah, wanda aka sassaƙa wajen shekara ta 1208 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Cikin waɗanda Fir'aunan yake alfaharin ya murƙushe a ƙasar Kan'ana har da wata al'umma mai suna Isra'ila. A 1993 masu tonon kayan tarihi suka ciro wani dutsen a Tel Dan, can arewacin ƙasar, na ƙarni na 9 kafin Miladiyya, inda wani sarkin Aramiyawa ya ambaci gidan Dawuda. Ka lura, duka biyun daga bakin abokan gaba suka fito. Daga nan labarin a fili yake. Assuriyawa sun rushe masarautar Isra'ila ta arewa a 722 kafin Miladiyya, Bukhtanassar na Babila ya ƙone Ƙudus da haikalinta, wato babban ɗakin ibadar Yahudawa, wajen 586, ya kwashe da yawa daga cikinsu zuwa Babila, Sarki Sairus na Farisa ya bar su suka koma suka sake gini, daga baya ma suka yi mulkin kansu na kusan shekara 80 kafin Rumawa su shigo a 63. A shekara ta 70 Miladiyya Titus, jagoran sojojin Rumawa, ya rushe haikali na biyu.

Musulmi ma ba sai an kai shi gidan tarihi ba. A Suratul Ma'ida Annabi Musa (AS) ya umarci mutanensa su shiga ƙasa mai tsarki, kuma mun san inda Dawuda da Sulaiman (AS) suka yi mulki. A shekarun 1920 Majalisar Ƙoli ta Musulunci da ke Ƙudus, a ƙarƙashin Mufti Amin al-Husaini da kansa, ta buga ɗan littafin jagora ga masu ziyarar Haramin Masallacin Aƙsa, ta ce babu jayayya nan ne wurin ginin Annabi Sulaiman. Musun da ake ji yau sabon abu ne, siyasa ce ta haife shi.

Bayan tawayen da Yahudawa suka yi ƙarƙashin Bar Kokhba daga 132 zuwa 135, Rumawa sun karkashe Yahudawa, sun sayar da wasu bayi, sun hana su shiga Ƙudus. Sai dai ba su ƙare a ƙasar ba. Malamansu sun koma Galili, a can aka tattara Mishna, kundin fiƙihunsu, wajen shekara ta 200, aka kuma haɗa ɗaya daga cikin Talmud biyu, wato sharhin Mishna, a yankin Tabariyya. Suna raguwa ƙarni bayan ƙarni, amma ba a taɓa rasa su a ƙasar ba, daga baya ma suka fi taruwa a Ƙudus da Halil da Safad da Tabariyya. Waɗanda suka watsu duniya kuwa, daga Fas zuwa Bagadaza zuwa Warso, Ƙudus suke fuskanta in za su yi ibada, da fatan baɗi a Ƙudus suke rufe bikin Ƙetarewa, ango kuma yana fasa kofin gilashi ranar ɗaurin aure don kada farin ciki ya mantar da shi rushewar birnin.

Zancen cewa duk Turawa ne, asalinsa labarin Khazar ne, wata daula kusa da Tekun Kasfiya da manyanta suka karɓi Yahudanci. Abin ya faru, amma binciken ƙwayoyin halitta bai nuna su ne tushen Yahudawan Turai ba. Abin da ya nuna shi ne gaurayen jinin Gabas ta Tsakiya da na kudancin Turai. Ban da haka, kusan rabin Yahudawan Isra'ila iyayensu da kakanninsu daga Maroko da Iraƙi da Yaman da Iran da makamantansu suka fito. Mai kiran Bayahuden Sana'a Bature bai taɓa ganinsa ba.

To, abokinka na farko fa. Kuskurensa yana cikin kalmar nan ta "zuwa suka yi". Yana ɗaukar cewa rundunar Musulmi ta share ƙasar ta zuba mutanen Hijaz. Ba haka aka yi ba. An ci Rumawa a Yarmuk a 636, limamin Kiristocin Ƙudus, Sofroniyus, ya miƙa birnin ga Halifa Umar (RA) ba da jimawa ba, masu mulki suka canza, manomi kuwa ya wayi gari a gonarsa. Mutanen ƙasar a lokacin yawancinsu Kiristoci ne masu magana da Aramiyanci da Girkanci, tare da Yahudawa da Samariyawa, wata ƙaramar al'umma mai bin Attaura dabam da Yahudawa. Su waye waɗannan Kiristocin? Jikokin mutanen da ke wurin tun da can ne, har da Yahudawa da Samariyawa da suka sauya addini. Sannu a hankali, cikin ɗaruruwan shekaru, harshensu ya koma Larabci, akasarinsu suka musulunta, wasu suka zauna a Kiristancinsu har yau a Baitalami da Nazarat. Samariyawa ma suna nan, 'yan ɗaruruwa, rabinsu a kan dutsen da ke saman Nabulus. Kuma a zamanin Halifa Umar ne aka sake barin Yahudawa su zauna a Ƙudus bayan hanin Rumawa.

Wannan ba da'awar Larabawa kaɗai ba ce. A 1918 David Ben-Gurion da Yitzhak Ben-Zvi, wanda ɗaya ya zama firaministan Isra'ila na farko, ɗayan shugaban ƙasa na biyu, sun rubuta littafi a birnin New York suna cewa manoman Falasɗinu jikokin tsoffin Yahudawa ne da suka gwammace ƙasarsu a kan addininsu. Daga baya, da faɗa ya yi tsami, aka jingine wannan magana. Wani bincike da aka buga a 2020 kan ƙasusuwan Kan'aniyawa da aka tono a Magiddo da wasu wurare ya gano cewa Yahudawa da masu magana da Larabci na yankin duk suna ɗauke da kaso mai yawa na jinin waɗannan mutane.

Ba na cewa babu wanda ya shigo. Ƙasa ce ta kan hanya. Ƙabilun Larabawa sun shigo, Kurdawa sun biyo Salahuddin, Magaribawa sun zo har suka yi unguwa, Misirawa sun biyo Ibrahim Fasha a shekarun 1830. Mu ma muna da namu a can. Dab da ƙofar Bab al-Majlis ta Masallacin Aƙsa akwai wasu tsofaffin masaukai biyu na zamanin Mamluk da jikokin alhazai daga Najeriya da Chadi da Senegal da Sudan suke zaune, cikinsu har da Hausawa da Barebari da Fulani. Marigayiya Fatima Barnawi, wadda Isra'ila ta ɗaure a 1967, mahaifinta daga Najeriya yake, kuma babu Bafalasɗinen da ke shakkar cewa tasu ce. Zama ɗan ƙasa ba tsarkin jini ba ne, inda aka binne cibiyarka ne da inda ka binne iyayenka. Shi ya sa nake ganin Bafalasɗine ba ya bukatar ya tabbatar da cewa shi jikan Bakan'ane ne. Hujjarsa ta fi haka ƙarfi: a nan aka same shi.

Batun suna kuwa ba ya da wuya. Herodotus na Girka ya kira yankin da wannan suna tun ƙarni na 5 kafin Miladiyya. Rumawa sun mayar da shi sunan lardi bayan 135. Banu Umayya sun yi lardin Jund Filasɗin, hedkwatarsa Ramla. Gaskiya ne ba a taɓa yin ƙasa mai cin gashin kanta da wannan suna ba, kuma a ƙarshen zamanin Usmaniyya yankin a rabe yake, Ƙudus tana amsa wa Istanbul kai tsaye, Nabulus da Akka suna ƙarƙashin Beirut. Amma haka Jodan take, haka Labanon, haka yawancin ƙasashen da Turawa suka shata. Rashin tuta bai taɓa zama rashin mutane ba.

Kishin ƙasa irin na zamani sabo ne a ɓangarorin biyu, kuma kusan sa'annin juna ne. Mutumin Yafa na 1900 in ka tambaye shi ko shi wane ne, zai faɗi danginsa da garinsu da addininsa, ya ce shi Balarabe ne talakan Sarkin Musulmi na Istanbul. Amma a 1911 Isa al-Isa da ɗan'uwansa sun riga sun kafa jarida a Yafa mai suna Filasɗin. A 1919 da yawa daga cikin manyansu sun fi son haɗewa da Sham a ƙarƙashin Faisal, ɗan Sharifin Makka, sai da Faransa ta kama Dimashƙu a 1920 hankali ya koma kan Falasɗinu ita kaɗai. A wancan ɓangaren, Theodor Herzl ya fitar da kiransa a 1896, aka yi taron farko na sahayoniya, wato fafutukar kafa wa Yahudawa ƙasa a Falasɗinu, a Basel a 1897, malaman Yahudawa da yawa suka yi tir da shi, suna cewa komawa sai Almasihu ya bayyana. Cikin fiye da miliyan 2 da suka tsere daga Gabashin Turai tsakanin 1881 da 1914, akasari Amurka suka nufa, 'yan dubbai goma-goma ne suka je Falasɗinu. Saboda haka duk mai cewa al'ummar wancan ƙagaggiya ce, ya sani da ma'aunin da ya auna za a auna tasa.

Nan ne ainihin rikicin ya fara, ba zamanin Annabawa ba. Wajen 1880 mutanen ƙasar sun kusa rabin miliyan, Yahudawa ba su wuce kashi 5 cikin 100 ba. A Rasha kuwa ana far wa unguwanninsu ana kisa, abin da ya sa wasu suka yanke cewa Bayahude ba zai taɓa yin barci da ido biyu rufe ba sai yana da ƙasa. Wannan tsoro na gaskiya ne, abin da ya faru a Turai daga baya ma ya wuce duk yadda suka zata. Matsalar ita ce ƙasar da suka nufa tana da masu ita, kuma manyansu sun sani. Marubucinsu Ahad Ha'am ya ziyarce ta a 1891 ya dawo ya gargaɗe su cewa da wuya a sami gonar kirki da ba a nomawa, kuma Larabawa ba za su kau da kai ba.

Akwai wata wasiƙa da nake so kowane ɗalibi ya sani. A 1899 Yusuf Diya al-Khalidi, tsohon magajin garin Ƙudus, malami daga babban gida, ya rubuta wa babban malamin Yahudawan Faransa don a isar wa Herzl. Bai musa tarihinsu ba ko kaɗan. Ya yarda ƙasar kakanninsu ce, ya ce ya fahimci burinsu. Sannan ya ce amma yanzu wasu mutane ne a cikinta, ba za a karɓe ta ba sai da ƙarfin bindiga, ya roƙa don girman Allah a ƙyale Falasɗinu ta zauna lafiya. Herzl ya amsa masa da cewa zuwan Yahudawa arziki zai kawo wa kowa, babu mai niyyar korar kowa. Dattijon nan ya riƙe gaskiya biyu a hannu ɗaya, abin da abokanka biyu suka kasa.

Za ka ji ana cewa ai saye suka yi, ba ƙwace ba. Akwai gaskiya a ciki, amma dubi yadda cinikin yake. Dokar filaye ta Usmaniyya ta 1858 ta ce kowa ya yi rajistar gonarsa. Manoma da yawa suka ƙi, don tsoron haraji da ɗibar soja, sai attajiran birni suka rubuta filayen da sunansu. Manomi yana noman gonar kakansa, takarda kuwa tana Beirut. Haka gidan Sursuƙ na Beirut ya sayar da kwarin Marj Ibn Amir ga ƙungiyoyin sahayoniya a farkon shekarun 1920. A takarda ciniki ya halatta. A ƙasa kuwa an tashi ƙauyuka wajen 20, domin tsarin masu sayen shi ne filin ya zama na Yahudawa har abada, kuma Bayahude ne zai yi aiki a kai. Duk da haka, har zuwa 1947 abin da suka mallaka bai wuce kashi 7 cikin 100 na ƙasar ba.

Abin da ya sauya komai shi ne Ingila. Ranar 2 ga Nuwamba 1917 sakataren harkokin wajenta, Arthur Balfour, ya yi alkawarin kafa wa Yahudawa gida na ƙasa a Falasɗinu, tun sojojinta ba su ma shiga Ƙudus ba. Mutanen da suka kai kashi 90 cikin 100 ba a ko ambaci sunansu ba, an kira su al'ummomin da ba Yahudawa ba, an lamunce musu haƙƙin addini da na zaman yau da kullum, aka yi shiru kan haƙƙin mulki. A 1919 Balfour ya rubuta wa gwamnatinsa ƙarara cewa ba su da niyyar tuntuɓar mazauna ƙasar. Kyauta ce da kayan wani. Ƙidayar 1922 ta sami mutum 757,000, Yahudawa wajen 84,000. Shi kansa Jabotinsky, uban masu ra'ayin riƙau na sahayoniya, ya rubuta a 1923 cewa babu 'yan ƙasar da suka taɓa yarda da masu zuwa su mamaye su, don haka sai an yi katangar ƙarfe. Bai yaudari kansa cewa ƙasar kango ce ba.

Jini ya zuba ta kowane gefe. A tarzomar 1929 an kashe Yahudawa 133 da Larabawa 116. Tawayen 1936 zuwa 1939 Ingila ta murƙushe shi, ta kashe Larabawa wajen 5,000, ta watsa shugabanninsu, Mufti al-Husaini kuma ya ƙare a Berlin yana zama da Hitler a 1941, abin kunyar da har yau ake yi wa al'ummarsa gori da shi. Sai kisan ƙare-dangi na Nazi ya cinye Yahudawa miliyan 6, alhali Amurka da sauran ƙasashe sun ƙuntata ƙofofinsu. Waɗanda suka tsira suna sansanoni, ba gida ba dangi. Duk wanda bai ji wannan a ransa ba, ba zai taɓa gane Ba'isra'ile ba. Amma Bafalasɗine yana da tambayar da ba a amsa masa ba har yau: laifin da Turai ta yi, me ya sa da gonarsa za a biya diyya?

Ranar 29 ga Nuwamba 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da raba ƙasar, ƙuri'a 33 da 13, 10 suka ƙaurace. Yahudawa, kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'a, aka ba su wajen kashi 55 na ƙasar, ko da yake babban yanki a ciki hamadar Naƙab ce. Shugabanninsu suka karɓa, Larabawa suka ƙi. Ba'isra'ile zai ce maka: mun yarda da rabi, suka zaɓi yaƙi, rundunonin ƙasashen Larabawa suka afka mana washegarin da muka ayyana ƙasa, muka rasa mutum 6,000, ɗaya cikin kowane ɗari namu, aka kore mu daga unguwarmu ta tsohon birnin Ƙudus, shekara 19 ba mu taɓa Bangon Yamma, wurin ibadarmu, ba. Duk wannan ya faru. Bafalasɗine zai ce: kafin rundunonin ƙasashen Larabawa su shigo a watan Mayu 1948, an riga an yi kisan ƙauyen Deir Yasin, Haifa da Yafa sun riga sun zama kufai a wajenmu, a watan Yuli aka kori mutanen Ludd da Ramla a ƙafa cikin zafin rana, mutum fiye da 700,000 suka rasa gidajensu, ƙauyuka sama da 400 aka shafe. Wannan ma duk ya faru, shi suke kira Nakba, wato bala'i.

An daɗe ana cewa shugabannin Larabawa ne suka umarce su su fita. Da aka buɗe ma'ajin takardun Isra'ila a shekarun 1980, masana tarihinta irin su Benny Morris suka nuna babu wani umarni na bai-ɗaya haka, yawanci harin soja ne da tsoro da kora kai tsaye. Ni a ganina ma gardamar yadda suka fita ba ita ce cibiyar magana ba. Farar hula yana gudun yaƙi ko'ina a duniya, in ƙura ta lafa ya koma. Abin da ya mayar da gudun ya zama rasa ƙasa shi ne shawarar da gwamnatin Isra'ila ta yanke tun a watan Yuni 1948 cewa ba za su dawo ba, duk da ƙuduri na 194 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar a Disamba, wanda ya ce a bar su su koma. A 1950 aka yi dokoki biyu: ɗaya ta ba kowane Bayahude a duniya izinin zuwa ya zama ɗan ƙasa, ɗayar ta ƙwace dukiyar duk wanda aka kira ba ya nan.

Kada mu ɓoye namu laifin. Yahudawa wajen 800,000 sun bar ƙasashen Larabawa a shekarun da suka biyo baya, wasu don kishin sahayoniya, da yawa don tsangwama da ƙwace. A Iraƙi kaɗai kusan 120,000 suka fita a 1950 da 1951, al'ummar da ta girmi Musulunci a wurin da fiye da shekara dubu. Zalunci ne, kuma shi ya cika Isra'ila da mutanen da ba su da wurin komawa. Sai dai ba manomin Galili ne ya kore su ba, bashin wani ba ya biyan na wani.

Littafi mai tsarki fa, ba takardar mallaka ba ce? Ga mai imani da shi, alkawari ne. Amma Bayahude yana karanta alkawarin Ibrahim ta hanyar Ishaƙu, Musulmi yana karanta cewa alkawarin Allah ba ya samun azzalumai kuma bayinSa salihai ne magada, Kirista na Baitalami yana da nasa karatun. Ba ka kai wa abokin shari'arka hujjar da bai yarda da tushenta ba. A fiƙihunmu na Malikiyya akwai hukuncin hauzi: wanda ya daɗe yana riƙe da gona a gaban mai da'awa, shi kuwa ya yi shiru babu uzuri, da'awarsa ta faɗi, sai fa in tsoro ko rashin kasancewa ne ya hana shi magana. Bayahude zai ce ƙarfi ne ya fitar da ni, ban kuma yi shiru ba. To, in ya kafa wannan hujja don shekara kusan dubu biyu, da wane baki zai ce wa mai riƙe da makullin gidan da ya bari a 1948 lokaci ya wuce?

Masu cewa duka namu ne suna ko'ina. Firaministar Isra'ila Golda Meir ta ce a 1969 babu wani abu wai shi Falasɗinawa. Manufofin jam'iyyar Likud na 1977 sun ce tsakanin teku da Kogin Jodan mulkin Isra'ila ne kaɗai, kundin Hamas na 1988 ya ce ƙasar duka wakafi ce da ba a sarayar da taku ɗaya. A 1993 ƙungiyar 'yantar da Falasɗinu ta PLO ta amince da Isra'ila, wato ta haƙura da kashi 78 na ƙasar, Isra'ila kuma ta amince da PLO a matsayin wakiliyar Falasɗinawa, amma ba da ƙasarsu ba. Yau 'yan share-wuri-zauna a Gaɓar Yamma da Gabashin Ƙudus sun haura 700,000, kuma a Yulin 2024 Kotun Duniya ta ba da ra'ayin cewa mamayar haramtacciya ce. Harin 7 ga Oktoba 2023 ya kashe mutum wajen 1,200, akasarinsu farar hula, yaƙin da ya biyo baya ya kashe dubun-dubatar mutane a Gaza, inda yawancin jama'a jikokin waɗanda aka hana komawa a 1948 ne. Tsakanin kogin da tekun Yahudawa sun kai miliyan 7 da ɗoriya, Falasɗinawa ma haka. Babu mai tafiya ko'ina.

Je ka Halil ka gani. Gini ɗaya ne a kan kabarin Annabi Ibrahim (AS), katangarsa tun zamanin Hirudus. Daga zamanin Sarki Baibars na Mamluk har zuwa 1967, shekara kusan 700, Bayahude ba ya wuce mataki na bakwai na matakalar waje. A 1929 an kashe Yahudawan garin 67, maƙwabtansu Larabawa kuma suka ɓoye ɗaruruwa a gidajensu. A watan azumin 1994 wani Bayahude ɗan share-wuri-zauna, Baruch Goldstein, ya buɗe wa masu sallar asuba wuta ya kashe 29. Abin da ya biyo baya shi ne aka raba ginin biyu, aka rufe Titin Shuhada, zuciyar kasuwar garin, ga Falasɗinawa, don kare 'yan ɗaruruwan 'yan share-wuri-zauna a cikin garin mutum sama da 200,000.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne unguwar Shaikh Jarrah a Gabashin Ƙudus. A 1876 wasu ƙungiyoyin Yahudawa biyu suka sayi fili kusa da kabarin wani tsohon limaminsu, Shimon Mai Adalci. Yaƙin 1948 ya bar wurin a hannun Jodan, Yahudawan suka fita. A 1956 Jodan da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka gina wa iyalai 28 gidaje a kan filin, mutanen da su ma suka baro gidajensu a Yafa da Haifa da Yammacin Ƙudus. An yi musu alkawarin takardar mallaka, ba a kai ga rubutawa ba har Isra'ila ta kama wurin a 1967. A 1970 ta yi dokar da ta ba Yahudawa damar karɓo dukiyar da suka bari a Gabashin Ƙudus kafin 1948, da ita aka fitar da wasu iyalai zuwa titi a 2008 da 2009, kuma shari'ar korar wasu ce ta tayar da rikicin 2021. Takardar 1876 tana aiki a kotu. Iyalan da ake kora kuwa wasunsu suna riƙe da takardun gidajensu na unguwannin Yammacin Ƙudus, tafiyar 'yan mintoci a mota, gidajen suna nan tsaye da mutane a ciki, amma dokar 1950 ta rufe musu ƙofar shigar da ƙara.